Minti Uku Aka Ba Mu, Muka Cinye Su da Gaisuwa



Watan jiya na halarci wani taro a unguwarmu kan kwatar nan da ke cika ta shigo mana har ɗaka duk lokacin da aka yi ruwan sama. Jami'ai sun zo, an kafa rumfa, aka ce kowace unguwa minti uku za a ba ta. Wani dattijo da duk muke ganin girmansa ya miƙe a madadinmu. Ya gai da sarki, ya gai da limamai ɗaya bayan ɗaya, ya gai da manyan baƙi da muƙamansu, ya shiga tarihin yadda kakanninmu suka kafa zango. Yana cikin haka mai kula da lokaci ya ɗaga hannu. Wallahi har Baba ya zauna kalmar "kwata" ba ta fito daga bakinsa ba.

Bayansa wata mata daga unguwar maƙwabtanmu ta tashi. Ta yi sallama, ta faɗi sunanta, ta faɗi layin da ruwa ke shiga da gidajen da ya ɓata bara, ta ɗaga hoto a wayarta. Sannan ta dubi jami'in ta ce, "Ranka ya daɗe, wace rana injiniya zai zo ya auna wurin?" Na ga mutumin ya jawo biro ya rubuta. Lokacin da namu ke magana, wayarsa yake dubawa.

Ban kawo wannan don in ci fuskar Baba ba. Laifinmu ne mu matasa da muka bar shi ya hau ba shiri. Ni kaina ranar da aka fara tsayar da ni gaban 'yan ajinmu a kwalejin horar da malamai, allo na yi ta yi wa magana, jama'a na kallon ƙeyata. Malamarmu ta tambaye ni, "Wa kake koyarwa, allon ko mu?" Daga ranar na gane cewa magana a gaban jama'a sana'a ce kamar ɗinki ko kanikanci. Koyonta ake yi, kuma tana da ƙa'idoji.

Ƙa'ida ta farko, ka san da wa kake magana. Abin da za ka faɗa wa jami'i ba shi za ka faɗa wa iyaye a taron makaranta ba. Jami'i yana son wuri, adadi da abin da ake nema ya yi. Uwa tana son ta ji me zai sami ɗanta. Har harshen ma sai an zaɓa. In Turancinka na rawa, yi Hausarka ko Tonancinka a sami mai fassara. Gara a fahimce ka da a yi maka tafi a manta.

Ta biyu, ka zo da buƙata ɗaya. Kafin ka bar gida, gwada faɗin abin da kake so a jimla guda. In ka kasa, to ba ka shirya ba tukuna. Mu kuwa sai mu haɗa kwata da fitilun titi da rashin aikin yi da kuɗin makaranta a numfashi ɗaya, mai sauraro ya zaɓi mafi sauƙi ya amsa, sauran su bi iska. A Amurka a shekarar 1863, wajen buɗe maƙabartar sojoji a Getisbag, Edward Everett ya yi jawabi na kusan awa biyu. Shugaba Abraham Lincoln ya yi nasa cikin kamar minti biyu, kalmominsa ba su kai 300 ba, kuma nasa ne ake karantarwa har yau. A hadisi ma an nuna cewa taƙaita huɗuba alamar fahimta ce ga liman.

Ta uku, hujja. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, Aristotal na Girka ya ce abu uku ke sa mutane su yarda da mai magana: mutuncinsa a idonsu, yadda ya taɓa zukatansu, da ƙarfin hujjarsa. Biyun farko ba mu da matsala da su. Dattawanmu na da kwarjini, kuma mun iya sa mutum hawaye. A na ukun muke faɗuwa. "Muna shan wahala" kowa na iya faɗa. Amma in ka ce ga layin, ga ranar da ruwan ya shiga, ga hoton, ga takardar da muka rubuta da kwanan watanta, ka ɗaure mutum da jijiyarsa.

Ta huɗu, jiki da murya. Ka tsaya da ƙafa biyu, ka dubi mutane, ka yi magana da wanda ke kujerar ƙarshe. Kada ka cusa makirfo a baki, kada kuma ka riƙe shi a ciki. In ka faɗi babbar magana, ka ɗan yi shiru ta zauna. Faɗuwar gaba kuwa kowa na yi, har mu da muke tsayawa gaban aji kullum. Maganinta maimaici: ka faɗi jawabin da ƙarfi sau uku a gida, ƙaninka na riƙe da agogo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san wani zai ce, "Malam, so kake mu yar da tarbiyyarmu? Yaya za a yi yaro ya miƙe bai gai da manya ba?" A'a, ban ce haka ba. Gaisuwa tamu ce, ba kuma za mu bar ta ba. Amma ka zo da wuri ka durƙusa ka gai da kowa kafin a buɗe taro. In ka karɓi makirfo, jimla ɗaya ta wadatar: "Iyayena da shugabannina, ina gaishe ku baki ɗaya." Sarkin da ka tsallake sunansa ba zai yi fushi ba in kwatar ƙofar gidansa ta gyaru.

Abin ya wuce kwata ɗaya. A ƙasar nan zaɓen 'yan majalisar gunduma ba na jam'iyya ba ne, hukumar zaɓe ce ke shirya dandali kowane ɗan takara ya hau ya faɗi abin da zai yi. Yaro mai kishin unguwa da bai iya tsara magana ba, a nan ake kayar da shi. Tun 2017 aka yi dokar Asusun Raya Zango, amma asusu ba ya jin ƙorafin da aka yi a majalisar shayi. Sai wani ya tashi a inda ake yanke shawara ya faɗi abin da ake so, a fili, cikin lokacin da aka ba shi. Haka yake a taron iyaye da malamai, haka yake in ka bugo waya gidan rediyo aka ce minti ɗaya gare ka.

Kuma kada a ce wannan ilimin Bature ne. Al-Jahiz na Basra ya rubuta al-Bayan wat-Tabyin kan fasahar magana tun ƙarni na 9, malamanmu kuma sun daɗe suna karantar da balaga a zaure. Abin da ya rage shi ne mu sauko da ita daga littafi mu ba yara.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana malamai, na boko da na Islamiyya, mu ware rabin awa a mako. Yaro ya miƙe ya yi minti uku kan abu ɗaya da ya sani, ko da yadda ake dafa wake da shinkafa ne, 'yan aji su faɗi abin da suka fahimta. A sa 'yan mata a ciki, don wadda ta sa jami'i ya jawo biro ran nan mace ce. Ƙungiyoyin matasa kuma, kafin kowane taro ku zauna da wanda zai wakilce mu, ku rubuta masa buƙatar, ku riƙe masa agogo.

An ce za a sake kiran taron kafin damina. Ni da abokaina biyu mun je mun sami Baba, ya kuma yarda, Allah ya saka masa. Shi zai yi sallama da gaisuwa, wata ɗalibata ta dā ta faɗi maganar kwata. Ranar Asabar bayan la'asar za mu fara gwaji a zaurensa, duk mai so ya zo.