Wane Inji Ya Dace da Akori-kurar Gammo?

Duk wanda ya tashi a Gammo ya san tsohuwar akori-kura Peugeot 504 mai jigilar dawa da gyaɗa zuwa kasuwannin Gwarzo da Getso. Da yawa daga cikinmu da kuɗin lodinta aka biya mana makaranta. Yau ga injinta ya gaji, yana shan baƙin mai, yana turnuƙe hanya da hayaƙi, kuma dole a sake shi.

Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, ana ta zuga iyayenmu su tafi Ƙofar Ruwa su sayo baƙon inji ɗan Beljiyam mai injekta, wai don tsimin mai. Mu kam ba mu goyi bayan haka ba. Irin wannan inji ba ya zama da giyar Peugeot sai an sha yanka da walda. Ran da na'urar da ke sarrafa shi ta tsaya a hanyar gona kuwa, sai dai a ja motar zuwa Kano, kuɗin da aka tsimta su tafi a rana guda.

Injin 504 fa? Tun 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, saboda haka bakanikenmu na ƙauye da shi ya koyi sana'a. Silinda huɗu ne da kafireto, kuma ana iya zare silib a sa sabo da fistin da zobe, inji ya farfaɗo. In kuwa ya wuce gyara, a nemo ɗan'uwansa, a tashe shi a gaban bakanike kafin a biya, a karɓi rasit mai lambar inji, sannan a gyara takardun mota.