Yaushe aka kawo mana muka ƙi?

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in amayar da abin da ke cina.

Kwanan baya na ji wani jami'in gona a rediyo yana cewa wai mu manoman karkara ba ma karɓar sabon abu, shi ya sa binciken jami'o'i ba ya amfanar kowa. Wallahi raina ya ɓaci. Yaushe aka kawo mana muka ƙi?

Tun ƙarshen 2019 aka fitar da waken nan SAMPEA 20-T na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wanda tsutsar da ke huda kwanso ba ta iya masa. An ce feshi 2 ya ishe shi a damina, maimakon 6 zuwa 8. Ni dai a rediyo na san shi. Da na nema a kasuwa, wani mai shago ya auno min wake a tiya ya rantse shi ne, ba leda ba suna. Na shuka, tsutsa ta yi watanda da shi. To wannan ne ƙin karɓa?

A dubi buhun adana wake na PICS mana. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta yi binciken, ba ta kulle shi a kabad ba, kamfani a Kano ya riƙa yin buhun, aka bi ƙauyuka ana nuna yadda ake ɗaure bakinsa. Wa ya roƙe mu kafin mu saya? Mun ga wake ya kai bazara ba ƙwaro ba magani, sai kowa ya buɗe lalitarsa.

Ga jami'ar tarayya nan a Dutsin-Ma tun 2011, kusa da mu. Ina kira gare ta da kamfanonin iri su haɗa kai, a buɗe shago ko ɗaya ne a Safana da Batsari, a kuma rubuta bayanin da Hausa. 'Ya'yanmu da suka karanta aikin gona suna zaune a gindin bishiya suna latsa waya, a ɗauke su malaman gona mana. Shugabanninmu kuwa sai zaɓe ya matso ake ganinsu da buhun taki.

Gonakinmu na wajen dajin Rugu tsoro ya hana mu zuwa. 'Yar wadda ta rage a bayan gari, ita ce ke buƙatar iri nagari. A kawo mana shi kafin ruwan shuka, sannan a faɗi ko mun ƙi.

Daga wani manomi,
Babban Duhu, ƙaramar hukumar Safana, Jihar Katsina.