Warin Takalmi Ba Turare Ne Maganinsa Ba

Mai karatu, duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kwanan ɗalibai a tsakiyar damina, ko ya zauna kusa da manomin shinkafa a gaɓar tafkin Kainji lokacin da ya cire takalminsa na roba, ya san irin warin da ake magana a kai. Jama'a sukan ɗora laifin a kan gumi. Shi kuwa gumin ƙafa, ruwa ne da ɗan gishiri, ba shi da wani wari na kansa.

Ƙafafun ɗan Adam biyu suna ɗauke da kafofin gumi kimanin 250,000. Idan aka kulle su cikin sau-ciki ko kambas, sai wurin ya yi ɗumi da laima, ƙwayoyin bakteriya kuma su samu gida. Su ne ke cin matacciyar fata da abin da gumi ya fito da shi, su fitar da wani sinadari mai tsami, wato isovaleric acid, wanda hanci ke ji. Abin sha'awa, ɗaya daga cikinsu, Bacillus subtilis, ita ce dai ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa. Saboda haka wanda ya ce takalmin wane yana warin daddawa bai yi nisa da kimiyya ba.

Ni a ganina, mutanen Yauri da Ngaski da Shanga bai kamata su ɗauki wannan a matsayin abin kunya kawai ba. A shekarar 1995 wasu masana biyu na Jami'ar Wageningen da ke ƙasar Holan, Ruurd de Jong da Bart Knols, sun nuna cewa sauron Anopheles gambiae, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, ya fi son cizon ƙafa, kuma idan aka wanke ƙafar da sabulu sai ya rage kai mata hari. A 1996 suka nuna cewa cukun Limburger, wanda warinsa ya yi kama da na ƙafa, yana jawo wannan sauro. To, tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 garuruwa kamar Yelwa da Wara suke zaune a bakin tafki da fadamu, inda sauro ba ya yankewa. Wanke ƙafa ba zai maye gurbin gidan sauro ba, amma ƙafa mai ɗoyi kira ce gare shi.

Fesa turare cikin takalmi ɓarnar kuɗi ce, domin ƙwayoyin suna nan da ransu, sai dai a samu wari biyu a haɗe. Abin da ke karya su shi ne bushewa. Mai hali ya mallaki takalmi biyu, ya riƙa hutar da ɗaya kwana guda. A zare shimfiɗar ciki a shanya ta a rana. Na roba kuwa a wanke cikinsa a kife shi inda iska ke kaɗawa, don zafin rana na Maris da Afrilu yana tsattsage roba. Bayan alwala ko fitowa daga gona, a goge tsakanin yatsu kafin a sa safa, safar kuma ta auduga, a sauya ta kullum.

Kanwa ma tana da amfani, domin tana kashe kaifin tsami. A daka ta, a ƙulle a tsumma, a kwanar da ita cikin takalmin. Gawayi yakan tsotse wari. Amma kada a barbaɗa kanwa a fata, tana iya ƙona ta. Idan kuwa tafin ƙafa ya yi fari da ƙananan ramuka, ko tsakanin yatsu ya dinga ƙaiƙayi yana tsagewa, wannan ciwo ne, sai a je asibiti.