Caca Ta Bar Kango, Ta Shiga Aljihun Yaro

Ya ku malamai da fatake, a da ɗan caca kango yakan nema ko bayan kasuwa, ya watsa wuri ko karta yana waige-waige, domin ya san abin kunya yake yi. Yanzu kuwa an sauya mata suna, wai sanin ƙwallo, har yaron da bai balaga ba yana yin ta a waya, yana zaune kusa da ubangidansa.

Hukuncinta bai ɓuya ga mai karatu ba. Aya ta 90 da ta 91 cikin Suratul Ma'ida sun gama ta da giya, sun ambaci gaba da ƙiyayya da shagala ga barin salla. Abin da muke so attajirai su duba shi ne lissafinta, tun da su ne ma'abota lissafi. Yaro yakan jera wasanni 10 a tikiti guda, don naira 200 ta zama dubbai. To, ko da kowane wasa ci ne ko faɗuwa daidai wa daida, tikiti 1 ne cikin 1,024 zai fita, balle ga kunnen doki. Mafi sharri ita ce ranar da wasa ɗaya tak ya ɓata masa. Sai ya ce saura ƙiris, gobe ya koma da kuɗin cefane, jibi da cinikin rumfa, da niyyar mayarwa kafin a lura. Ta haka yaron da ake shirin sallama da jari yake zama wanda ba a barinsa shi kaɗai da akwatin kuɗi.

A watan Oktoba na 2024 Hisba ta rufe shagunan caca a Kano, a Nuwamba kuma Kotun Ƙoli ta ce ikon tsara caca na jihohi ne. Madalla. Sai dai waya ba ta da ƙofar da za a sa wa kwaɗo.

Saboda haka aikin ya komo kanmu. Malami in ya zo kan kalmar maisir, ya faɗa wa almajirai cewa tikitin ƙwallo ne ake nufi, kada su zaci wani abu ne na Larabawan jahiliyya kaɗai. Ubangida kuma ya daina aiken yaro ya yanko masa tikiti, don akwai masu yi. Wanda ya kama nasa, kada ya gaggauta kora, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa jarabar caca cikin cututtuka. A ƙirga bashinsa a gaban waliyyinsa, a riƙe masa ladansa, a riƙa duba inda kuɗin wayarsa suke zuwa.