Kyandir Ɗin Da Ya Mutu A Bakin Taga



A wannan makon za mu leƙa wani ƙauyen masunta mai suna Newlyn, a yankin Cornwall da ke kudu maso yammacin Ingila. Tun wajen 1884 masu zane da fentin mai suka fara tarewa a can, suna zama cikin masunta, suna kallon yadda ake fita teku da yadda ake cinikin kifi a bakin ruwa. Stanhope Forbes ya kafa allon zanensa a kan rairayin bakin teku, iska na kaɗa shi, har ya gama hoton kasuwar kifi da aka nuna a Landan a 1885.

Amma wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne zanen Frank Bramley na 1888, A Hopeless Dawn, wato asubar yanke ƙauna, wanda yanzu yake hannun gidan zane na Tate. Wani masunci ya fita bai dawo ba. Bramley bai zana guguwa ba, bai zana jirgi yana nutsewa ba. Ɗaki kawai ya zana. Matar ta kife kanta a cinyar tsohuwa, ga burodi a kan tebur, ga kyandir ɗin da aka ajiye a taga tun dare ya mutu, gari kuma ya waye a kan teku. Da ganin wannan ka san mutumin ba zai dawo ba.

Mu kuwa idan aka yi mutuwa a labarinmu, sai mu cika shafi uku da "ta fashe da kuka", "ta yanke jiki ta faɗi". Mai karatu ya tsallake, domin ya karanta wannan kukan a littafi goma kafin namu.

Wani zai ce mai zane yana da launi, mu kuwa kalma ce kawai a hannunmu, kuma masu karatunmu suna son kuka. Haka ne, suna son a taɓa musu zuciya. Sai dai abin da ke taɓa ta shi ne kwanon tuwon da aka rufe wa maigida har ya huce, ko takalmansa da ke bakin ƙofa ba wanda ya iya ɗaukewa. Kalma tana iya nuna waɗannan kamar yadda fenti ya nuna kyandir.

Irin waɗannan ƙananan abubuwa sai wanda ya je ya zauna yake ganinsu. Mu da muke rubuta gidajen Dubai da ba mu taɓa shiga ba, sarkawan Argungu da Yauri suna nan kusa, da tarunsu da gorarsu da matan da ke jiran su.

Kafin mako mai zuwa, kowa ya gwada rubuta sakin layi ɗaya na rashi, ba tare da kalmar kuka ko hawaye ba. Allah ya ƙara mana basira.