Dardumar Farisa da Masu Raina Aikin Hannu

Akwai wata magana da 'yan makaranta sukan yi, wadda ba ta yi mini daɗi. Sukan ce aikin hannu na wanda karatu ya ƙi ne, wai mai ƙwaƙwalwa sai alƙalami da tebur. To, yara, ku kasa kunne ku ji yadda ake saƙa dardumar Farisa, sa'an nan ku auna wannan magana da kanku.

Farisa ƙasa ce a arewa maso gabas da Makka, ita ce tun 1935 duniya take kira Iran. Ƙasa ce mai duwatsu da sanyi da tumaki, saboda haka mutanenta suka ƙware wajen sarrafa ulu, watau gashin tumaki. Da farko a aske tunkiya, a wanke gashin, a kaɗa shi ya zama zare. Daga nan sai marina. Shuɗi da baba suke rina shi, kamar yadda marinanmu suke yi. Ja kuwa daga saiwar wani tsiro suke samunsa, rawaya daga ɓawon rumman.

Saƙar ba irin ta masaƙanmu ba ce. Masaƙi yakan miƙe zaren tsaye a jikin katako, jere reras. Sai ya ɗauki ulu ya ƙulla shi a kan zare biyu, ya yanke da wuƙa. Ƙulli ɗaya ke nan. Ya sake ƙulla wani kusa da shi, ya yanke, haka haka har layi ya cika. Sa'an nan ya ratsa zaren gicciye, ya danne da mataji mai nauyi, ya daidaita gashin da almakashi, ya soma sabon layi. Duk furen da kuka gani a darduma, da ganye, da tsuntsu, da haka aka tara su, ƙulli bayan ƙulli.

To, yaya yake sanin inda ja zai tsaya shuɗi ya soma? A birane kamar Kashan da Isfahan da Tabriz, akwai gwani wanda yake zana dardumar a takarda mai gida-gida, kowane gida ƙulli ɗaya. Masaƙi yana duban takarda yana ƙirga: ja uku, shuɗi bakwai, fari biyu. In ya ɓata ƙirga ɗaya, fure ya karkace, sai kwancewa. Ashe ba karatu da lissafi ke nan ba? Matan makiyayan lardin Fars ma sun fi ba ni mamaki. Su ba su da takarda, zanen yana cikin kansu, uwa ta koya wa 'ya. A 2010 hukumar UNESCO ta sa saƙar Fars da ta Kashan cikin gadon duniya da ya kamata a kiyaye.

Akwai wata darduma da ake kira Ardabil, wadda aka gama a shekara ta 946 ta Hijira, watau wajen 1540, zamanin Sarki Tahmasp. Tsawonta ya ɗara ƙafa 34, faɗinta ya ɗara ƙafa 17, ƙullinta wajen miliyan 26. Ku ɗauko alli mu gwada. A ce mutum yana ƙulla 10,000 a yini, kwana 2,600 zai yi, fiye da shekara 7, ba hutu ko na Salla. Lalle mutane da yawa ne suka zauna kafaɗa da kafaɗa a kanta. An saƙa sunan mutum ɗaya a jikinta, Maƙsud mutumin Kashan. A 1893 wani gidan ajiye kayan tarihi na Landan ya saye ta, har yau tana can, manyan malamai suna zuwa dubanta.

Wani zai ce, ai inji yana fitar da darduma cikin 'yan sa'o'i, ga araha. Gaskiya ne, kuma ta inji ta wadatar da talaka, ba mai raina ta. Amma zanen da injin yake bugawa, sau da yawa daga masaƙan Farisa aka kwaikwayo shi. Abin da ba na yabo shi ne inda aka zaunar da yaro gaban saƙa tun safe har dare, aka hana shi makaranta, idonsa da bayansa suka lalace. Wannan zalunci ne, ba koyar da sana'a ba.

In akwai darduma a gidanku ko a masallaci, ku nemi izini ku juya bayanta. Ta hannu zanenta yakan fito sarai a baya, ƙullinta kuma ba su zama daidai wa daida ba. Ku ɗora ma'auni, ku ƙirga ƙulli nawa ne a inci ɗaya, gobe ku kawo wa malaminku amsa.