Teku

Wasu na cewa: "Nijar ba ta da teku, don me za a koya wa yara wannan kalma?" Ni ban yarda ba.

Yara, ku dubi shinkafar waje da ke kasuwa. Ta teku aka kawo ta Lome, sannan mota ta ɗauko ta. Alhazanmu na da, masu tafiya a ƙasa, sai sun ƙetare Bahar Maliya kafin su isa Jidda. "Bahar" Larabci ne, ma'anarsa teku.

Ruwan teku gishiri gare shi, ba ya shayuwa. Saboda haka kada ku ce wa kogin Isa teku don kun ga faɗinsa a Yamai.

Da Faransanci ana cewa "la mer". Ku kula wajen shifta: "la mère" uwa ce, kunne ba ya raba su.